Tamostat Ɗin da Ya Maƙale

A shagon kayan mota kusa da tashar Jambutu, wani tsohon direba ya ga wani matashi riƙe da ɗan ƙarfe mai tsatsa.

"Malam, tamostat kake nema? Cire shi ka yar. Na ƙasar sanyi ne, ba na zafin Yola ba."

"Baba, ai ƙofar ruwa ce. In inji ya ɗau zafi sai ta buɗe, ruwa ya wuce lagireto ya huce. In ka cire, motar ta riƙa shan mai."

"Kai bakanike ne?"

"A'a, ticha ne. Kwanan nan na koya. Nawa ya maƙale a rufe. Wata guda allura tana hawa ja, ina ƙara ruwa, ina cewa gobe. Ranar da naƙuda ta kama matata Keturah, motar ta tafasa a Ngurore. Awa biyu muna bakin titi."

"Ta sauka lafiya?"

"Jaririyar tana wurin kakarta."

Direban ya sunkuyar da kai. "Allah ya jiƙanta. To, gyarawa za ka yi?"

"Sayarwa zan yi, Baba. Amma ba zan ba wani ita haka ba."