Gwanin Iyon Kogin Murray

A tashar jirgin ƙasa ta Albury, bayan yaƙin duniya na biyu, wata budurwa ta tare wani ramammen soja.

"Bawan Allah, an ce kana cikin fursunonin da jirgin ruwan Japanawa ya nutse da su. Ka san wana, Clarrie Dunstan?"

"Mun fi dubu, ƙanwata."

"Zai dawo. Duk kogin Murray babu mai kamo shi a iyo."

"Katakon da muka kama ya yi mana kaɗan. Gwanayen iyo ne suka saki, suka bar wa irina."

"Kai ba ka iya ba?"

"Ko a baho."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta miƙa masa burodinta.

"Ungo, cinye duka. Wuri aka bar maka, kada ka kuskura ka mutu."