Baba Kashe-Inji Ya Sauka

Da sunan Allah da Ya ba mu aron rai, Yake kuma karɓar abinSa a lokacin da Ya so.

Ranka ya daɗe shugaban hukumar kula da lambuna da filayen wasa; Allah gafarta malam, limaminmu; shugaban ƙungiyarmu ta ma'aikata; shugabannin makarantu da suka baro ayyukansu suka zo; uwargidan marigayi, wadda mu 'yan gareji muke kira Yaya; ƙannensa da surukansa; 'ya'yansa maza da mata; abokan aiki, masu shara da masu ban ruwa da masu gadi; jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ni bakanike ne, hannuna ya fi bakina iya aiki. Da aka ce ni zan yi magana a madadin ma'aikata, na ce a nemi wanda ya saba da lasifika. Yaya ce ta kira ni ta ce, "Kai za ka yi. Kai ka san shi tun yana dariya. Sauran duk daga baya suka san shi." Shi ya sa kuka gan ni a tsaye.

Gaskiya ta faɗa. Da yawanku kun san Baba Kashe-Inji dattijo ne mai ɗaurarriyar fuska, wanda ba a yi masa wargi a bakin aiki. Mu mun san wani mutumin daban. Tare aka ɗauke mu aiki muna samari, ni a gareji, shi a fili. Da aka kawo motar yankan ciyawa ta farko, irin mai kujera da sitiyari, wadda wuƙaƙenta ke juyawa a ƙarƙashin cikinta, shi aka ba makulli. Yakan hau yana waƙa, sai ka ji muryarsa ta danne ƙarar injin. Nakan ce masa, "Kawo maƙogwaron nan in duba, ya fi motar buƙatar gyara." Sai ya ce, "Hassada ce, bakanike. Kai ko a banɗaki ba ka iya waƙa ba."

Abin da zan faɗa yanzu na nemi izinin babbar 'yarsa kafin in faɗa. Ta ce in faɗa duka, don shi ma bai taɓa ɓoyewa ba.

Tana ƙarama, ba ta ma shiga makaranta ba, Yaya takan zo da ita idan ta kawo masa abincin rana. Mamana yake kiran yarinyar. Da ya hango su sai ya tsaya, ya ɗora ta a cinya, ya zagaya fili da ita tana riƙe da sitiyari tana ƙyalƙyala dariya. Mu ma mukan tsaya mu yi ta tafi. Babu wanda ya ga aibu a ciki. A wurin yarinyar nan, ƙarar injin ba ta nufin komai sai Baba da yawo.

Wata rana suka shigo ta ƙofar baya. Ta ji ƙarar, ta fizge hannunta daga na uwarta, ta ruga. Shi kuma ya kai ƙarshen shinge ya sa ribas zai juyo. Bai waiwaya ba, don ya san babu kowa a wurin. Yaya ta yi ihu, injin ya haɗiye ihun.

Ina ƙarƙashin wata mota na ji injin ya canza murya, sannan ya mutu. Ko da na fito, yana gudu da ita a ƙirjinsa ya nufi titi, ya naɗe ƙafar da rigarsa. Likitoci sun ceci ranta. Ƙafar hagu, daga idon sawu zuwa ƙasa, ba su iya ceto ta ba.

Hukuma ta tausaya masa, ta ce a mai da shi sashen ban ruwa don kada ya ƙara ganin motar. Mun ɗauka zai karɓa da hannu biyu. Sai ga shi wata safiya a gareji, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya daɗe a tsaye yana kallon motar, sannan ya ce, "Ba ni makullin."

Na ce, "Haba ɗan'uwa, me za ka yi da shi? An hutar da kai."

Ya ce, "In na bar ta, wa zai hau? Wanda bai san abin da take iya yi ba. Ni na sani. Ba ni makullin, sannan ka ɗaga ta ka nuna mini cikinta, komai da komai."

Daga ranar waƙa ta ƙare.

Ya kasance mutumin da ba ya tayar da inji sai ya taka filin da ƙafarsa tukuna, yana tsince duwatsu da ƙusoshi da guntayen waya, don ya san wuƙa na iya cilla tsakuwa ta fasa idon wanda ke can nesa. Ya kasance ba ya hawa da silifa, ba ya yanka in raɓa ba ta bushe ba, ba ya zuba mai in injin bai huce ba. A gangaren bayan filin ƙwallo, ba ka taɓa ganin ya ratsa shi a karkace. Sama ya hau, ƙasa ya sauko, inda gangaren ya yi tsanani kuma ya sauka ya ɗauki lauje. Ya kasance in ciyawa ta cushe wuƙa, sai ya kashe, ya zare makulli ya sa a aljihu, ya cire wayar fulogi, kafin hannunsa ya kusanci ƙarƙashin motar. Ni da nake bakanike, in na yi gaggawa shi ke riƙe mini hannu.

Ya kasance, fiye da komai, mutumin da ke kashe inji. Yaro ya gilma a can ƙarshen fili, ya kashe. Ƙwallo ta faɗo, ya kashe, don ya ce bayan kowace ƙwallo akwai yaro. Har tsiya muke masa cewa ko leda iska ta kwaso sai ya kashe ya gaishe ta. Aikin da wani zai gama kafin azahar, shi sai la'asar. An yi masa faɗa a kan haka, ya ce a yi haƙuri, gobe kuma ya maimaita. Sunan da ya bi shi ke nan, har jikokin maƙwabta ba su san yana da wani ba.

Bai tsaya a filinmu ba. Duk inda ya ji an sayi irin motar nan, makaranta ce, asibiti ne, otal ne, sai ya hau kekensa ranar hutunsa ya je ya yi sallama. Ba wanda ya aike shi. Yakan tara ma'aikatan wurin a inuwa, kuma da magana ɗaya yake farawa kullum: "Ni ne mutumin da ya yanke ƙafar 'yarsa." Na taɓa raka shi, na ji ya faɗe ta da kunnena. A hanyar dawowa na ce, "Dole ne sai ka faɗi wannan? Ka koya musu aikin kawai mana." Ya ce, "In ban faɗa ba, da kunne za su saurare ni." Haka ya riƙa ɓare gyambonsa a gaban baƙi shekara da shekaru, don kada wani uba ya san abin da ya sani. Shugabannin makarantu da ke nan shaidu ne. Akwai yaran da suka girma da ƙafafunsu biyu saboda shi, su ba su sani ba, mu ma ba za mu taɓa sanin ko su wane ne ba.

A gida kuwa, Yaya ta fi ni sani. Kafin a yi wa yarinyar ƙafar roba, duk takalmin da ya saya mata, warin hagu yakan rage sabo. Yaya ta ce a zubar, ya hana. Ya kasance uba mai kawo duk abin da aka nema, amma tun daga ranar bai ƙara ɗora yaro a cinyarsa ba, ko nasa ko na wani. Ƙannenta duk sun tashi ba su san cinyar ubansu ba.

Ita kuwa ta girma, ta yi karatu, ta zama malama, ta yi aure. Ba irin ƙoƙarin da ba ta yi ba. A gabana ta taɓa ce masa, "Baba, ni fa na fi kowa hutu a gidan nan, farcen ƙafa ɗaya kawai nake yankewa." Kowa ya fashe da dariya, shi ya tashi ya fita. Ta bi shi har ƙofa tana cewa, "Baba, wallahi ban ma tuna ranar ba. Na yafe, na yafe, sau nawa zan faɗa?" Ya ce, "Na ji, Mamana. Ke kin yafe."

Duk da haka yana tsaye da ƙafarsa, don yana ganin wahalarsa tana tare wani abu. Sai daminar bana.

Akwai wani ma'aikacin wata makaranta, magidanci, wanda Baba ya koya wa aikin da hannunsa, yana kuma yabonsa fiye da kowa. Lokacin hutu ne, babu ɗalibi ko ɗaya a harabar. Ƙaramin ɗansa ya biyo shi wurin aiki, ya yi ta kuka sai an ɗauke shi. Uba ne. Ya ce zagaye ɗaya kawai, a hankali. Taya ta faɗa wani rami da ciyawa ta rufe, yaron ya zame. Wannan karon likitoci ba su samu abin da za su ceta ba.

Baba ya je ta'aziyya, ya wuni zaune kusa da mutumin. Washegari ya shigo gareji, ya rataye makulli a ƙusa, ya zauna a kan tsohuwar taya. Ya ce, "Bakanike, na faɗa masa. Shi na fi faɗa wa. Har kuka ya yi ranar da na ba shi labarina."

Na ce, "Ƙaddara ce, ɗan'uwa. Ka yi iyakar yinka."

Ya ce, "To in wanda ya yi kuka bai tsira ba, wa na tsirar? Ashe duk shekarun nan iska nake yi wa magana."

Har yanzu da nake tsaye a gabanku ban samo amsar wannan tambaya ba.

Bai ƙara hawa motar ba. Abinci ya gagare shi, jininsa ya hau, ba a jima ba ya faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. A lokacin 'yar tasa tana jego, haihuwarta ta fari. Kafin ya kwanta an sha miƙa masa jaririyar, yana mai da hannuwansa baya. Ranar da na je duba shi a asibiti, an jingine shi da matashin kai, sai 'yar tasa ta shigo da jaririyar a kafaɗa. Ba ta tambayi kowa ba, ta ɗora masa ita a cinya. Ya zaro ido, yana gurnani, yana girgiza kai a ɗauke. Ta ce, "Ba zan ɗauke ba, Baba. Yau ba ka da ƙafar tashi ka fita." Sai hannunsa mai lafiya ya taso a hankali, ya tallabe bayan jaririyar, ya riƙe gam. Hawaye na bin gefen bakinsa da ya karkace. Ban san ko na daɗi ne ko na tsoro ba. Ina so in ce muku na daɗi ne, amma ban sani ba. Bai cika mako ba ya rasu.

Yaya, an saba a irin wannan taro a ce mamaci ya huta. Ke kika ga ranar da idonki, kika zauna da shi da ita, kika yi jinyar mutum biyu, ɗaya ta warke ɗaya bai warke ba. Ba mu da abin da za mu ba ki da ya kai wannan. 'Yata, ke kuma kada ki taɓa zargin kanki cewa yafiyarki ba ta isa ba. Ta isa, ƙofar ce a kulle ta ciki. Ku ƙannenta, ubanku bai ƙi ku ba. Tsoron hannunsa yake yi.

Mu kuma abokan aiki, ga ruwa ya sauka, ciyawa ta kai gwiwa, motar tana gareji na wasa mata wuƙa. Wani zai hau ta cikin makon nan, don ciyawa ba ta san ana makoki ba. Zan faɗa masa duk abin da Baba yake faɗa. Zai ce ya ji.

Saura magana ɗaya. Uban yaron nan yana cikin ɗakin nan. Na ga shigowarsa, ba zan nuna inda yake zaune ba, kuma ina roƙonku kada kowa ya waiwaya. Ɗan'uwa, na san ƙarfin halin da ya kawo ka. Babu wanda ya ɗora maka mutuwar Baba, iyalinsa ne suka ce in faɗa maka haka. Mun ga yadda irin kayan da ke kanka yake cinye mutum a tsaye, a hankali, yana zuwa aiki yana amsa gaisuwa. Ba mu san maganinsa ba. Abin da muka sani kawai, ba a ɗaukarsa mutum ɗaya.

Muna godiya ga hukuma, da malamai, da duk wanda ya tako ya zo, da ma'aikatan asibitin da suka yi ɗawainiya da shi.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maKa a gajiye. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahamar da ya kasa yi wa kansa. Ka sanyaya zuciyar matarsa, Ka raya zuriyarsa. Ka jiƙan yaron da ya riga shi tafiya, Ka riƙe uwarsa da ubansa kada su faɗi. Ka tsare 'ya'yanmu daga hannuwanmu. Amin.

Ɗan'uwa, in an tashi kada ka sulale. Yaya ta ce ka jira ta a bakin ƙofa, tare za ku tafi gida.