Ranar da Baba Ya Shiga Motata

Shugaban wannan ƙungiya tamu da uwargidansa, Malam Liman da Fasto da suka buɗe mana taro da addu'a, iyayenmu maza da iyayenmu mata, manyan baƙina biyu da ke zaune a sahun gaba, Baba da Inna, 'yan'uwana mazauna wannan ƙasa, waɗanda suka baro aiki da waɗanda daga nan aiki za su wuce, ina gaishe ku baki ɗaya, ina kuma yi muku barka da ganin ƙarshen shekara.

Zan fara da godiya, domin da ni kaɗai ce da maigidana, da ba mu iya saukar da waɗannan baƙi yadda ya kamata ba. Kun san gidanmu, ɗaki biyu ne da falo. Uwargidan Shugaba ta aiko da rigunan sanyi tun kafin jirginsu ya sauka. Mai Aski ya ara mana katifar nan da ake hura wa iska, wadda ni da maigida muka riƙa kwanciya a kanta muna farkawa a ƙasa. Ma'aji ya bar shagonsa ya kai mu filin jirgi. Allah ya saka muku da alheri.

Magana ta farko ita ce ta saukar baƙi. Duk wanda iyayensa suka taɓa zuwa ya san gida yakan sauya kama. Inna ta karɓe ɗakin girki tun ranar farko, ƙararrawar hayaƙi ta yi ta kuka har ta gaji. Maƙwabtan da muka shekara muna wuce juna a matakala ba ko sannu, Inna ta tare su ɗaya bayan ɗaya tana tambayar su gajiya da iyali, da Hausa zalla. Ranar Kirsimeti, da muka dawo daga sujada, tsohuwar da ke ƙasanmu ta hawo da kanta, suka zauna da Inna suna ta hira, ba mai jin harshen wata, dariya kuwa har waje.

Magana ta biyu ita ce ta yawon ganin gari, kuma a nan ne zancena yake. Mafi yawanku kun san ni direbar bas ce. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, Baba ma direba ne, babbar mota ya ja har ya tsufa. Ya koya wa yayyena maza uku tuƙi, ni kuwa da na roƙe shi sai ya ce, "Auta, sitiyari ba na mata ba ne." Da na zo nan na koya, na samu aiki, na kira shi da murna, abin da ya ce kawai, "To. Ga mahaifiyarki." Tun daga ranar, idan mun yi waya, zai tambayi lafiyata, zai tambayi jikokinsa, zai tambayi sanyi, amma bai taɓa cewa yaya aiki ba. Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai.

Mun kai su gidan tarihi, Baba ya ce madalla. Mun hau da su dogon benen da ake hango gari duka, ya ce madalla. Mun ratsa kasuwar da aka yi wa ado da fitilu, Inna tana taya kayan da ba ta da niyyar saye, shi kuwa hannu a aljihu, madalla dai.

Washegarin Kirsimeti aka kira ni daga wurin aiki, wai abokin aikina ba shi da lafiya, in zo in karɓi motarsa. Maigida ya riga ya fita. Inna ta ɗaura ɗankwali ta ce, "Ba ta tsakiyar gari hanyarki take bi ba? To mu ma za mu. Malam, tashi." Baba ya tashi ba don yana so ba. Da suka shigo motar, Inna ta zauna a bayana, shi kuwa ya wuce can kujerar ƙarshe ya juya fuska ga taga.

Ranar an yi yayyafi, sanyi ya daskarar da shi a kan kwalta. Mota cike take da jama'a, mun zo gangaren da ke sauka zuwa gada, sai wata motar kaya da ke gabana ta zame ta gitta titi. A gefe guda ga mutane suna jiran tsallakawa, har da mai tura keken jariri. Jama'a, a wannan lokaci ƙafa birki take so, amma na hana ta. Na riƙa taɓa shi a hankali ina saki, ina taɓawa ina saki, na karkatar da kan motar zuwa filin da ya rage a hagu, ta yi ta silalewa har ta tsaya. Tsakanina da motar kayan, da ƙyar mutum zai iya ratsawa. Babu wanda ya faɗi, babu wanda ya ji ciwo. Fasinjoji suka ɓarke da tafi.

Da muka isa tashar ƙarshe kowa ya sauka ban da Inna, Baba ma ya sauka. Ya zagaya motar yana duba tayoyi, irin yadda direbobi ke yi, sannan ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Auta, wa ya koya miki kada ki danne birki a kan santsi?" Na ce, "Ku ne, Baba. Lokacin da kuke gaya wa su Yaya a ƙofar gida, ina daga zaure ina ji." Sai ya ce, "Su ukun, babu wanda zai iya abin da kika yi yau. Ni ma a ƙuruciyata ban tabbata ba." Ya hawo, ya ce wa Inna ta matsa, ya zauna a kujerar da ke bayana. Muna komawa, Inna ta buɗe baki za ta yi mini magana, ya ce, "Bar ta. Ba a damun direba yana kan aiki."

Da yamma ya karɓi wayata ya kira tsofaffin abokansa na tasha. Ina ɗakin girki ina jin sa yana cewa, "Ai motar ta fi wadda na ja tsawo, kuma 'yata ce ke jan ta." Sauran kwanakin duk a motata ya ƙarasa ganin gari, har abokan aikina suna sara masa idan ya shigo.

Magana ta uku roƙo ce. 'Yan'uwa, ku kawo iyayenku. Kada ƙanƙantar ɗaki ta hana ku, ga mu nan za mu taimaka kamar yadda aka taimake ni. Ku kai su su ga benaye, ku kai su su ga fitilu, amma ku kai su kuma su ga inda kuke neman abincinku. Mai goge asibiti ya nuna musu asibitin, mai gadi ya nuna musu ƙofar da yake tsaro. Abin da suka yi doguwar tafiya domin su gani ke nan, ko da ba su faɗa ba.

Baba, Inna, kun zo kun gan mu, kun sa mana albarka, ba ni da sauran abin da nake nema.

Allah ya mayar da iyayenmu gida lafiya. Allah ya kiyaye masu tuƙi da waɗanda ake tuƙawa. Allah ya raya mana zuriya, ya ƙara haɗa kan wannan ƙungiya, ya sa mu shiga sabuwar shekara da ƙafar dama, ya kai kowa gidansa lafiya.

Na gode.