Kwale-kwalen Shaame Zai Shiga Gaba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Mai girma Sheha, uban wannan gari; Maalim Faki, limaminmu, wanda ya biya wa yawancinmu Fatiha; Bwana Makame, shugaban kwamitin biki, da 'yan kwamitinsa; dattawan masunta; iyayena mata da 'yan'uwana masu noman ciyawar teku; baƙinmu da suka taso daga Wete da sauran sassan Pemba; jama'a maza da mata, assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah.

Ni ce Mwatima 'yar Kombo. Mata suka tura ni, kuma kun san muryata ba ta da nisa, don haka na baya ku yi haƙuri ku matso.

Ina fara godiya ga Allah da ya nuna mana ƙarshen azumi. Ina godiya ga kwamiti, sun sha rana. Ina godiya ga masu otal da suka ara mana ƙananan kwale-kwalensu na roba domin jerin gwanon gobe. Ba su da nauyi, ba sa yoyo, har tsohuwar ungozomarmu Bi Mtumwa da ciwon gwiwarta ta tuƙa ɗaya. Mun yi musu ado iyakar iyawarmu. Mun kitsa ganyen kwakwa a gefunansu, mun shimfiɗa zannuwan kangarmu na aure, mun jera kanumfari da furen yasmin a zare har yatsunmu suka yi kanta. Duk wanda ya bi ta bakin ruwa yau ya ji ƙamshin.

Maganata ta farko a kan kwale-kwale ɗaya ce, wanda ba a yi wa ado ba, kuma ba za a yi masa ba.

Kun san Shaame, mijin Riziki. Ya fita kamun kifi lokacin iskar kudu, teku ta dawo mana da kwale-kwalensa na itacen mangwaro, ta riƙe Shaame. Ba mu wanke shi ba, ba mu ɗauke shi a kafaɗa ba, ba mu zuba masa ƙasa ba. Riziki ba ta da kabarin da za ta nuna wa 'ya'yanta. Ga irin wannan ne kakanninmu suka bar mana abu guda: ranar jerin gwano, kwale-kwalen wanda teku ta riƙe shi ke shiga gaba, babu fure, babu zane, nasa na kusa ya tuƙa, duk gari ya biyo baya. Ita ce rakiyar da ba mu samu yi masa a tudu ba. Sau ɗaya ake yi wa mutum, a Sallar da ta fara zuwa bayansa. Idan gobe ta wuce, ta wuce.

Magana ta biyu. Shekaranjiya Bwana Makame ya same mu muna kitsa ganye. Zan faɗi abin da ya ce yadda ya faɗa, ga shi zaune, in na ƙara ya gyara mini. Ya ce, "Iyayena, bana fa akwai baƙi masu ɗaukar hoto. Wannan tsohon katako a gaba, ai sai su ce makoki muke yi. Ko dai a ɗaura masa balan-balan, ko ya bi can baya."

Bi Mtumwa ta ce, "Makame, ni na yanke maka cibiya. Ran da aka haife ka ma babu balan-balan a jikinka, kuma a gaba aka ajiye ka kowa yana kallo."

Muka yi dariya, har shi. Riziki ce kaɗai ba ta yi ba. Ta ce, "Yaya Makame, in dai nauyi ne a gare ku, ku bar shi, zan zagaya da shi ni kaɗai ta bayan tsibiri." Jama'a, mace ta ce za ta raka mijinta ita kaɗai, a garin da ya ci kifinsa!

Ina jin tsoron Allah, ba zan ce muku wannan al'ada farilla ce ba. Ba ta cikin Littafi. Na je na tambayi Maalim Faki, ya ce babu laifi a cikinta muddin addu'a ce ake yi, ba a roƙon teku komai. Riziki ta gama takaba, babu mai cewa ta fito kafin lokaci. To, abin da addini bai hana ba, hoto ne zai hana? Baƙo yana da haƙƙi a kanmu, mu ba shi wurin zama, mu ba shi shinkafa da romon kwakwa, mu sake masa fuska. Amma baƙo bai ce mu ɓoye mamatanmu ba. Ba su suka nema ba, mu ne muka ji kunya a madadinsu. Kunyar me? Kunyar cewa teku tana cin mazanmu? Wace ce a cikinmu ba ta taɓa tsayawa a bakin ruwa tana leƙen hanya ba?

Magana ta uku ita ce shawarar mata, kuma mun gama ta. Gobe idan ruwa ya cika, Riziki za ta shiga kwale-kwalen Shaame ta yi gaba, mu bi ta. Ba za mu yi faɗa da kowa ba, ba za mu ɗaga murya ba. Amma idan aka tare ta, ko aka ce ta koma baya, to a nan bakin ruwa, a gaban kowa, za mu kwance kangarmu, mu tsinke kanumfarin, mu cire ganyen da muka kitsa. Duk kwale-kwalen mata zai shiga ruwa babu ado, ya zama duk sun koma kamar na Shaame, sai mu ga wanne za a mayar baya. Hannun da ya ɗaura shi zai kwance.

Bwana Makame, kai ɗanmu ne, ba mu so ka ji kunya. Kai ma kana shiga teku. Abin da muke riƙe wa Shaame yau, kowane namiji a wannan fili muke riƙe wa. Wurinka yana nan daf da bayan Riziki, in kana so.

Allah ya jiƙan Shaame, ya sa ruwa ya zame masa makwanci mai sanyi. Allah ya raya marayunsa. Allah ya dawo da duk wanda ya fita, ya ƙara wa Sheha lafiya, ya mayar da baƙinmu gidajensu cikin aminci, ya haɗa kanmu gobe a layi ɗaya.

Na gode da kuka saurari ƙaramar murya. Na gode.