Aikin 'Ya'yanmu a Cikin Shara

Shugabar wannan zama, Madam Brocklehurst, 'yan kwamitin gudanar da makarantar Thornley Bank, shugaban makaranta, Mista Ashworth, kansilan unguwarmu, malaman da ke tsaye a bayan zaure saboda kujeru sun ƙare, iyaye maza da mata da suka taso daga wurin aiki cikin ruwan nan ba su ko biya ta gida ba, barkanmu da yamma.

Sunana Lorraine Ogden. Da yawanku kun san ni, ni ke tuƙa bas ɗin da ke hawa tudu zuwa asibiti. Ina godiya ga shugaba da ta ba ni dama, ina godiya ga iyayen da suka ce in yi magana da yawunsu. Amma kada godiyata ta ruɗi kowa. Raina a ɓace na zo, kuma ba zan ɓoye ba.

An tara mu ne don a nuna mana darussan da yara za su zaɓa bana. Mun ga tarihi, mun ga kasuwanci, mun ga harsuna. Darasin zane da ƙere-ƙere ne ba mu gani ba, kuma har aka gama bayani ba wanda ya ambaci sunansa. To ni zan ambata.

Na farko, alkawari. A wannan zauren Mista Ashworth ya tsaya ya ce duk yaron da ya zaɓi ƙere-ƙere zai yi shekara biyunsa cif, har jarrabawa. 'Yata Keeley ta yarda da shi, ta zaɓa. Malaminsu, Mista Pilkington, ya ce kowa ya nemo mutum na gaske mai buƙata ta gaske ya ƙera masa abu, wannan aikin shi ne rabin makin jarrabawa. Keeley ba ta yi nisa wajen nema ba. Ƙaninta Reece an haife shi da lalurar da ba ya iya zama da kansa. Kekensa na guragu ba ya shiga ƙarƙashin teburinmu, don haka tun da ya zo duniya a gefe yake cin abinci, yana kallon ƙeyarmu. Ta ce za ta ƙera masa kujerar da za ta riƙe bayansa da kansa, ta ɗago shi daidai da kowa.

Da kun ga yarinyar nan. Wadda sai na yi ta buga ƙofa kafin ta tashi da safe, ita ce ta koma tana riga ni fita. Ta gwada yaron nan har ya gaji. Yana ce mata, "Ke, awo kike yi ko cakulkuli?" Ita kuma ta ce, "Zauna daidai, sarkin surutu, in ba haka ba in yi maka ita da ƙafa uku." Ta koyi zarto, ta koyi haɗa katako ba ƙusa, ta ɓata ta sake, ta ɓata ta sake. Kafin dogon hutu kujera ta tsaya da ƙafafunta, saura maɗauri da fenti.

Na biyu, abin da aka yi da wannan alkawari. Ranar da aka dawo hutu Keeley ta nufi ɗakin ƙere-ƙere ta tarar an shimfiɗa kafet, an jera kwamfutoci. Ba injina, ba Mista Pilkington. An sallame shi. Wata ɗaliba ce ta ce mata ta leƙa bayan kicin. Can ta ga ƙaton akwatin ƙarfen da magina ke zuba tarkace, ruwa na dukansa, ga aikin ajinsu gaba ɗaya a ciki. Fitilar da wani ya yi wa kakarsa, akwatin kayan aikin da wata ta yi wa babanta, da kujerar Reece, an karya mata baya don ta shiga.

Yarinyar nan ta haura ciki da kayan makaranta ta jawo abin da ta iya jawowa, ƙarfe ya tsage mata hannu. Kun san abin da makaranta ta yi? Ta tsare ta bayan tashi, wai ta karya dokar kiyaye lafiya. Jama'a, dokar kiyaye lafiya!

Na ajiye bas na zo wurin Mista Ashworth. Yana nan zaune, in na ƙara masa ko kalma ɗaya ya tashi ya ƙaryata ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya ba da izinin zubar da aikin yara?" Ya ce, "Madam Ogden, 'yan kwangila ne suka yi kuskure." Na ce, "'Yan kwangila ne suka sallami malamin?" Ya ce, "Ki kwantar da hankalinki. Keeley yarinya ce mai ƙwaƙwalwa, mun mayar da ita kasuwanci, zai fi yi mata amfani. Wancan ai katako ne kawai."

Katako ne kawai. Ni ce na koma gida da maraice na tarar da Reece yana tambaya, "Mama, yaushe zan hau tebur?" Ni ce na ga yayarsa ta tashi ta bar abincinta ta haye sama. Katakon ya sha ruwa ya kumbura, ba ya gyaruwa. Tun daga ranar ba ta sake ɗaukar ko fensirin zane ba.

Ba mu ƙi kwamfuta ba, ba mu ƙi kasuwanci ba. Amma garin nan da hannu aka gina shi, kuma har gobe in tukunyar ɗumama gidan ɗayanku ta mutu a tsakiyar hunturu, mai hannu za ku kira. Ta yaya za a ce wa yaro ya zaɓa, alhali an cire abin da yake so kafin ya shigo zaure? Wannan ba zaɓi ba ne, kora ce cikin ladabi.

Na uku, abin da muke nema, kuma ba roƙo muke yi ba. A maido da darasin cikin zaɓin bana. A samo wa ajin su Keeley malami da wurin aiki su ƙarasa abin da suka fara, ko da kwalejin da ke ƙasan gari za a riƙa kai su. In mota ce matsala, ga direba a gabanku. A goge horon da aka yi wa 'yata. Sannan wanda ya ba da umarnin nan ya shiga ajin ya dubi yaran ido da ido ya ba su haƙuri. Kuma a kaɗa ƙuri'a yau, a gabanmu, ba a ce za a kafa wani kwamiti ba.

Shugaba, Keeley tana waje cikin mota, ta ƙi shigowa. Da zan fito ta ce, "Mama, kada ki wahalar da kanki. Sun gama shawararsu tuntuni. Shayi da biskit za su ba ki, su ce sun gode." Na ce mata ba haka manya suke ba. Shekararta goma sha biyar, kuma ban san sau nawa ya rage ta yarda da ni in na faɗi haka ba. In na fita daga nan wurinta zan nufa, ku za ku faɗa mini abin da zan gaya mata.

Allah ya ba shugabanninmu zuciyar gyara abin da suka ɓata. Allah ya saka wa malaman da suka tsaya wa yaranmu da alheri. Allah ya yi wa hannuwan 'ya'yanmu albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.