Kazar Ta Taka, Taufiq Bai Taka Ba

Zainabu: Salamu alaikum. Baffa Saleh, ina wuni?

Baffa: Wa alaikumus salam. Zainabu ce? Ya Gashua, ya karatu?

Zainabu: Alhamdu lillahi. Ya mutanen Nguru? Ya su Inna Asta?

Baffa: Lafiya lau. Ya zomayenki?

Zainabu: Suna nan. Baffa, ya ƙafar ƙanena Taufiq?

Baffa: Eh? Ban ji ba, layin na yankewa.

Zainabu: Ka ji ni sarai. Ƙafar Taufiq!

Baffa: Da sauƙi. Kazar da na karya wa ƙafa ranar da na ɗora shi, ai ta taka.

Zainabu: Kazar ta taka. Shi fa? Inna ta ce wurin na wari, har ruwa yake zubarwa.

Baffa: Asta da baki! Ke, tun kakanninmu muke ɗori a gidan nan. In kaza ta taka, mai karaya zai taka.

Zainabu: Kazar ba babur ne ya bi ta kanta ba. Shi wani ɓangaren ƙashin ya dagargaje, akwai giɓi. Kara da tsumma ba sa cike giɓi.

Baffa: Sai zomayenki ko? An ce maganin tsinka jini kike ɗura musu a ƙashi. Mai karaya, a tsinka masa jini!

Zainabu: Heparin sunansa. Ɗan kaɗan muke shafawa a wani abu kamar soso, mu cusa a giɓin. Shi ke riƙe sinadarin da ke sa ƙashi ya tofo, kamar yadda koma ke riƙe kifi, yana sakinsa a hankali.

Baffa: To ki kawo soson mana, likita!

Zainabu: Ba zan kawo ba. A zomo muka gwada, bai kai kan mutum ba tukuna. Ni na san iyakata, Baffa.

Baffa: Wato ni ban san tawa ba?

Zainabu: Ban faɗa ba. Asibiti za a kai shi, a wanke ciwon, a ɗauki hoto, tun ana iya ceton ƙafar.

Baffa: Ɗan gidan maɗora a asibiti? Wa zai sake kawo min karaya a garin nan?

Zainabu: In aka yanke masa ƙafa fa, wa zai kawo?

Baffa: La'ilaha! Ni kike faɗa wa haka? Idan kin zo hutu ma yi magana.

Zainabu: Ba hutu. Na ɗauko shatar mota, mun ma wuce Jajimaji.

Baffa: Zainabu! Wallahi in kika ɗauki yaron nan, kar ki sake tako min ƙofar gida.

Zainabu: To. Ka ce a fito min da shi bakin titi.

Baffa: Ke! Zainabu! Hello?