Talatu Ba Ta Rasa Uwa Sau Biyu Ba

Matan zumunta, 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Saratu, matar Dauda mai aiki a majemar fata ta Challawa. A shekarun da masaƙun Kano ke tashe, ni injin saƙa nake tsaro a Sharaɗa.

Yayata Rifkatu ce ta goya ni. Jini ya riƙa zubo mata ba lokacinsa ba, ta ɓoye don kunya, har aka kawo ta Kano a kwance. Likita ya ce ciwon daji ne na bakin mahaifa, kuma ya yi nisa. A ɗakina ta cika. Ta bar mini 'yarta Talatu, yarinyar da ko ɗaurin zane ba ta iya ba.

Bayan makoki, Mama Hannatu, nas ɗin da muke sujada tare, ta ja ni gefe. Ta ce, "Saratu, akwai gwajin da ake yi wa mace tana lafiya lau. Ana gano abin tun bai zama ciwo ba. Ki je ɗakin mata na babban asibiti, ki ce a sa miki rana."

Na ce, "Mama, ku ma dai! Mai lafiya me zai kai shi asibiti?" Ta yi ta bina da rigakafi ya fi magani, har na je aka sa ranar.

To, mu an koya mana ba a zuwa gaban manya da dauɗa. Na sa Dauda ya zo mini da bagaruwa, na tafasa, na zauna a ciki, na wanke ciki da waje. Na tafi ina ji da kaina.

Nas ɗin da na tarar a can ta tambaye ni ko na sa wani abu, na zayyana mata cikin alfahari. Ta dafa kafaɗata tana dariya. "Baiwar Allah, ai kin wanke abin da muke nema." Ta ce ɗan abin da ke bakin mahaifa suke shafowa a duba. Don haka kwana biyu kafin zuwa ba wankin ciki, ba matsi, ba kwanciya da maigida. Kuma ba a zuwa ana al'ada, sai ta ɗauke da kamar mako. Wankan jiki kawai ya isa.

Na fusata. Na ajiye aikina da kunyata, a ce in koma? Na ce Ubangiji ne ya rufe ƙofar. Ga shi da safe kaɗai ake gwajin, rana ɗaya a mako, ni kuma an mai da ni aikin safe. Na bar zancen, watanni suka wuce.

Wata Lahadi da la'asar ina yi wa Talatu kitso. Tun zuwanta Inna Saratu take ce mini. Ranar, kanta na kan cinyata, ta ce, "Mama, ke ba za ki kwanta irin na waccan Maman ba, ko?"

Na saki kitson. Na shiga ɗaki na durƙusa, na ce, "Ya Yesu, yarinyar nan ta kira ni uwa. Kada ta rasa uwa sau biyu. Ka cire mini fushi da kunya, ka buɗe mini hanya." Na yi kuka har na gaji.

Washegari na ba Gaje labari, wata Musulma 'yar Nijar da ke karɓar injina da rana. Ba ta bari na gama ba. Ta ce, "Je ki, 'yar'uwa, na riƙe miki safiyar. Kya riƙe mini tawa ran Sallah."

Na lissafa al'adata, na koma aka sa sabuwar rana, bagaruwa kuwa na bar wa fatun Dauda. Gwajin bai kai daɗewar ɗaura zare a inji ba. Da sakamako ya fito, likita ya ce wurin ya fara sauyawa, amma bai zama daji ba. Aka ƙona ɗan wurin, na warke. Haleluya! Tun daga nan, duk lokacin da suka ce in dawo, komawa nake yi.

'Yan'uwa, kada ku jira jini ko ciwo. Ku je a sa muku rana tun kuna lafiya, ku kama hannun wata ku tafi tare, ku dogara ga Ubangiji da ya ba likita sani.

Ga Talatu can a bencin baya. Jaririyar da ke bayanta 'yarta ce, an sa mata suna Rifkatu, ni na yi mata wankan farko. Godiya ta tabbata ga Yesu da ya bar ni na gani. Amin.